Za a Kai Jaririna Gaya Saboda Waswasina

Anti Ummu, don girman Allah ki taimake ni. Jego nake yi, kuma ranar da na gama wanka za a ɗauke mini ɗana a kai shi Gaya.

Ni 'yar Gafasa ce. Tun ina budurwa nake fama da waswasi. In na tsuguna alwala buta ɗaya ba ta isata, har a gida ake ce mini agwagwa, ni ma in taya su dariya, ba wanda ya san kukan da nake yi a banɗaki. Da maigidana ya samu karatu a Masar ya tafi da ni, a can abin ya ci tura har fatar hannuna ta tsattsage. Ya kai ni wajen wata likita, ta ce ciwo ne sananne, kullum tana ganin irina. Wallahi jin haka kaɗai sai da na yi hawaye. Ta ɗora ni a kan wata ƙwaya, tana ƙara mini kaɗan-kaɗan. Na daɗe ban ga canji ba, sai wata rana na yi alwala sau ɗaya na miƙe na ta da salla kamar kowa.

Muka dawo gida da guzurin maganin, Allah ya ba ni ciki. Da maganin ya kusa ƙarewa maigidan ya ɗauki kwalin ya bi kemis-kemis daga Ajingi har Gaya, ba wanda ya san sunan. Wani mai kemis ya juya kwalin ya ce akwai irinsa, amma abin da nake sha ya ninka wanda ya saba gani, wai likitocin can hannunsu da nauyi, kuma mai ciki ba ta shan wannan. Muka tsorata, na daina rana ɗaya. Wani ɗan'uwan maigidan da ke aiki a Ingila kuma ya bugo waya ya ce su can ba a gaggawar ba da ƙwaya, zama ake yi da mutum ana koya masa yadda zai ƙi biye wa waswasin. Kowa da tasa, Anti, ni ce a tsakiya.

Yanzu ga Muhammad Bashir ya zo, yaro tubarkalla, ni kuwa na kasa ɗaukarsa. Fitsarinsa, tumbuɗinsa, komai zuciyata ce mini take najasa ce ta game ni. Maigidana malami ne, ya karanta mini hukuncin har ya gaji, na kuma yarda, amma da na ba shi nono sai na yi wanka na canja zani. Ruwan jegon da ake dafa mini ba ya isata. Jiya yana kan gado yana tsala kuka, ina tsaye a kansa hannuwana a sama suna ɗigar ruwa, ina jiran surukata Inna Hure ta zo ta ɗauke shi. Wace irin uwa ce wannan?

Kada ki ɗauka Inna muguwa ce. Da tsufanta ita ke goya shi. Ita ta ce tunda yayar maigidan a Gaya tana da goyo, a kai mata shi ta haɗa ta shayar har in warke. Maigidan ya yi shiru, na san shi ma ya gaji.

Akwai ɗalibin da zai iya taho mini da maganin daga Masar. In koma sha yadda nake sha da, ko zai cuci yaron ta nono? Na ƙasar nan yana aiki kuwa? Wa zan bi? Ina son ɗana, Allah shi ne shaida.

Maijego daga Gafasa

*

Ƙanwata maijego, barka da sauka lafiya, Allah ya raya Muhammad Bashir. Uwar da ba ta son ɗanta ba ta rubuta irin wannan wasiƙa. Ciwo ne ya riƙe miki hannu, kuma yakan tsananta bayan haihuwa.

Ni ba likita ba ce, amma na tambaya. Likitar Masar ba ta yi miki ganganci ba, wannan ciwon sau da yawa yana buƙatar magani mai yawa fiye da na ciwon damuwa, kuma yana ɗaukar makonni kafin a ga amfaninsa. Ɗan'uwanku na Ingila ma bai yi ƙarya ba, horon da ake yi wa mai waswasi magani ne sosai, kuma ana haɗa shi da ƙwaya. Kowace ƙasa da abin da take farawa da shi, gwargwadon tsarinta da abin da ke hannunta. Mai kemis ya ji miki tsoro ne, sai dai yanke wannan hukunci ba aikinsa ba ne, kuma irin wannan magani ba a sakinsa rana ɗaya.

Kada ki koma wa tsohon adadin da kanki, ko an kawo shi daga Masar. Jikinki ya daɗe rabonsa da shi, ga shayarwa. A satin nan maigidanki ya saka ki a motar Kano ku ga likitan ƙwaƙwalwa, ku tafi da tsohon kwalin. Sunan kamfani ne ke bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sunan asalin maganin yana jikin kwalin da ƙananan baƙaƙe, likita zai gane shi. Ki gaya masa kina shayarwa, akwai waɗanda ake ba masu goyo. Ki kuma tambayi inda ake yin horon.

Ku tafi da Inna Hure. Tsohuwar nan ta yi ƙoƙari, gajiya da tausayin jikanta ne suka sa ta kawo maganar Gaya. In ta ji daga bakin likita za ta fi natsuwa. Maigida kuma shirun ya isa haka, ya roƙi Inna a jinkirta, a samo wadda za ta zo ta taya ku raino a gida. Waswasi so yake ya nisanta ki da ɗanki, in aka ɗauke yaron kin ba shi abin da yake nema, kuma ranar dawo da shi sai ta fi miki wuya.

Yau ɗin nan, in Inna ta kwantar da shi a cinyarta, ki matso kusa ki miƙa masa yatsanki ya damƙe. Zuciyarki za ta ce ki tashi ki wanke. Ki bar ta ta yi ta faɗa, ki zauna har sai shi ya saki da kansa.

Allah ya ba ki lafiya, ya nuna mana ranar da za ki goya shi ki shiga kasuwar Ajingi.

Anti Ummu