Rubutun da ke Gefen Ƙyallen

Ammariyya, Jidda
4 ga Rajab

Zuwa ga Goggona Naja'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, yaya ƙafar, yaya mutanen Funtuwa? Tunda kunnen ba ya jin waya sosai, na bi yadda kika ce: na rubuta a takarda na ɗauko miki hotonta.

Goggo, wata huɗu ke nan da kawo ni, amma har makon jiya gidan nan kamar ɗakin jiran asibiti yake, bango fari fat. Maigidan yana fita aiki da sassafe, ni kuma in share inda ba datti, in ɗauki littafi. Littattafan da na taho da su na karanta kowanne sau uku. A cikinsu amarya tana shiga gida ta tarar da labule har ƙasa. Ni kwali na tarar a taga.

Ranar Asabar ya kai ni haraj, kasuwar gwanjonsu da ke wajen Kurayyat. Na samo butar shayi ta tagulla wadda murfinta ba nata ba ne, da madubi mai ɗan tabo, da ƙaramin tebur mai ɗingishi da na saka wa kwali a ƙafa. Sai kuma abin da ya sa na rubuto. A ƙasan tulin tsofaffin labule na zaro wani farin ƙyalle mai kauri, an yi masa ɗinkin hannu da zaren ulu: itace ɗaya mai rassa, furanni ja da ruwan ɗorawa, tsuntsaye biyu suna kallon juna. In kin shafa, zaren yana tasowa a ƙarƙashin yatsa. Na wanke shi a hankali da ruwan sanyi, na rataya a falo. Wallahi sai da na zauna na yi ta kallonsa har shinkafata ta kama.

A gefen ƙasa akwai wani jan ɗinki a karkace, na ɗauka kuskure ne. Na sa reza na fara warware shi daga hagu, sai maigidan ya riƙe hannuna ya ce rubutu ne. Ya karanta bai gane ba. Maƙwabciyata Balarabiya ma ta juya shi ta ce wannan ba Larabci ba ne. Ga hotonsa nan.

Taki har kullum,
Mastura

*

Funtuwa
7 ga Rajab

Mastura,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi.

Na sa tabarau na duba. Ina Balarabiya za ta gane? Ajami ne, Hausarku ce da kuka ƙi koya kuna cewa ta tsofaffi ce. An rubuta: "Zakiyya, Allah ya zaunar da ke a ɗa". Daga nan sai ramukan allura. Sauran kin cinye da rezarki. Ajami daga dama yake farawa, kin ga ƙarshen addu'ar kika yanke. Tun kina ƙarama hannunki yake riga kanki.

Aikin mai kyau ne. Wadda ta yi shi ta san allura.

Ki rage karatun nan ki riƙa buɗe taga. Ki gaishe da mijinki Saifuddeen, ki ce masa na ce ya gyara ƙafar teburin.

Goggonki

*

Ammariyya
8 ga Rajab

Goggo,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa.

Zakiyya! Kin rubuta sunan kin wuce kamar ba komai. Ba sunan yayarki ba ne, wadda ta zo aikin hajji da mijinta tun kafin a haife ni, suka zauna, wasiƙa ta yanke? Ina tuna yadda kike ajiye hotonta a cikin Alƙur'aninki, da yadda kike tare duk alhajin da ya dawo kina tambaya. Goggo, cikin duk tulin kayan da ke haraj, me ya kai hannuna kan wannan? Maigidan ya ce Zakiyya ta fi dubu a Jidda, wai littafi ne yake magana a bakina. Ni dai jikina ya ba ni.

Na yi miki alkawari zan nemo ta. Gobe zan koma wajen mai kayan.

Taki,
Mastura

*

Funtuwa
9 ga Rajab

Mastura,

To, ki nema. Ki riƙe iƙamarki, katin zamanki na ƙasar, a jaka, ki sa takalmi mai daɗin tafiya.

Goggonki

*

Ammariyya
2 ga Sha'aban

Zuwa ga Goggona,

Assalamu alaikum. Ki yafe mini shirun nan. Sau huɗu ina fara wasiƙar ina yagawa.

Mai kayan ya ce daga gidan wasu Hausawa ya kwaso, bai san suna ba. Sai na naɗe ƙyallen na shiga kasuwar Bab Makka, ni da ban taɓa wuce bakin titinmu ni kaɗai ba. Kwana tara ina zuwa. Matan da ke sayar da yaji da kuka suka saba da ni, da sun hango ni sai su ce, "Ga amarya mai tsuntsaye, yau ma ba a dace ba?" Su ba ni kujera, su ba ni shayi. A rana ta tara wata ta shafa ɗinkin ta ce, "Wannan hannun Hajiya Latifatu ne, 'yar Sudan. Yalla, tashi in kai ki."

Goggo, duk hanya ina shirya yadda zan gaya miki. Har na ga kin sauka a filin jirgi.

Tsohuwa ce ƙarama, Bahaushiyar Sudan, ko Nijeriya ba ta taɓa gani ba. Da na buɗe ƙyallen ta ɗora tafinta a kai, ta ce aikinta ne. Zakiyyar da ke cikin rubutun 'yarta ce. Tana nan da ranta, har ta shigo ta same mu, mace mai jiki da fara'a, Hausarta tana tuntuɓe. Ta ce, "Ya Mama, wannan gadim ɗin? Halas, na ɗauka ya tafi!" Wai tsohon yayi ne. Hajiya ta yi wata bakwai tana ɗinka mata shi na aure, ita kuwa ta fi son na kanti, ba ta kuma iya karanta abin da ke jiki ba. Shekara ashirin da shida yana akwati. Da za su sauya gida aka haɗa shi da tarkace.

Na tambaye su Yaya Zakiyya, na faɗi sunan mijinta da garinmu. Ba su san ta ba.

Na miƙa wa Hajiya kayanta, ta ƙi karɓa. Ta ce, "A ina kika ajiye shi?" Na ce a bangon falo. Ta ce, "Bango? Kowa yana gani?" Washegari sai ga ta a tasi, ta hau benenmu tana hutawa a kowane hawa, ta zauna tana kallonsa. Can ta hango inda na warware, ta ce, "Wane ɓera ne ya ci min addu'a?" Na ce ni ce. Ta yi dariya har da tari, ta ce ranar Talata in tanadi jan zare, ba za ta ɗinka min ba, ni zan mayar da hannuna.

Goggo, na tayar miki da ciwon da ya kwanta, na kuma dawo hannu wofi. Wannan ne ya hana ni rubutu. Ki yafe mini.

'Yarki,
Mastura

*

Funtuwa
4 ga Sha'aban

Mastura 'yata,

Wa alaikumus salam. Share hawayenki, na ga inda ya ɗiga a takardar.

Tun ranar farko na san ba ita ba ce. Duk wanda ya san Yaya Zakiyya ba zai ba ta ƙyalle fari ba, mai zubar da miya ce, kuma mu ba mu da mai irin wannan ɗinkin a dangi. Na yi shiru ne don wasiƙarki ta farko ta tsorata ni. Yarinya tana share inda ba datti. Haka wasiƙun Yaya suka fara kafin su daina zuwa, ba ta da kowa a garin sai bango. Na ce gara ki fita neman wadda ba za ki samu ba, ko kya samu wasu.

Ba zan ɓoye miki ba, duk da haka da saƙonki ya shigo wayar sai gabana ya faɗi. Wannan ba laifinki ba ne, ciwon ya girme ki.

Ki gaishe min da Hajiya Latifatu da masu yaji. Abin da kika yanke haruffa kaɗan ne, "kinki". Ki ja zaren a hankali, kar ya tattare. In kin gama ki karanta shi tun daga dama, da sunanki a bakinki.

Allah ya zaunar da ke a ɗakinki.

Goggonki,
Naja'atu