Shanun Salihu Ba Su Zo Ba

Juma'a, 7 ga Oktoba, 2022

Nu'uman a rediyo! Jikana, Dakta, malamin jami'a. Na ƙara muryar rediyon har maƙwabta suka taru. Ni da sai da na yi furfura na koyi rubuta sunana a ajin yamma. Mairama ta ce, "Malam, zauna kar ka faɗi, ba ni da ƙarfin ɗaga miji." Ban ma ji abin da ya ce ba, murna.

Juma'a, 21 ga Oktoba

Yau na saurara da kyau. Da yawun jam'iyya yake magana. Wai a kori makiyaya daga ƙasar Gwaram, baƙi ne. Baƙi? A rugar Salihu ya yi wata guda yana tambayoyin digirinsa, yana shan nononsu.

Lahadi, 13 ga Nuwamba

An gama yankan dawa. Na bar kara a gona kamar kullum. Tun zamanin mahaifina shanun gidan Salihu ke kwana a ciki bayan girbi, su ci kara, su bar mana taki. Ba a taɓa aika musu ba, da kansu suke zuwa.

Asabar, 19 ga Nuwamba

Nu'uman ya zo da sabuwar mota. Na tambaye shi maganar rediyon. Ya yi dariya. "Tsoho, littafin da na rubuta a kan makiyaya wa ya karanta? Ko kai ba ka wuce bango ba. Muna yajin aiki ba albashi, wa ya leƙo mu? Yanzu a tashar Birnin Kudu direbobi tashi suke su gaishe ni." Na ce, Salihu fa? Ya ce ai ba da irin su Salihu yake ba.

Gaskiya ne, ban wuce bango ba. Turanci ne.

Talata, 29 ga Nuwamba

Na ga Salihu a kasuwa. Ya ce, "Sannu, kakan Dakta." A da, Dogara yake kirana. Sun sauka wajen Farin Dutse. Ya ce yaransa na tsoro. Na tambaye shi lafiyar shanu.

Asabar, 10 ga Disamba

Nu'uman ya aiko da takin zamani daga Dutse, wai ya fi kashin shanu. Yaron kirki ne, haka nake gaya wa kowa. Buhunan na zaure. Mairama ta ce a kai rumbu, na ce a bari tukuna, wataƙila direban da ya kawo su zai koma Dutse gobe.