Abin Da Ya Sa Nake Rufe Wa Mama Ido

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Mama, ya yara? Ni lafiya lau, in ka cire ci da barci.

Na ji Mama ta yi fushi, wai na koyi girman kai, ina rufe ido in tana magana a kiran bidiyo. Yaya, aiki ne ya lalata ni. Ana gwada yadda mutum ke haɗa ji da gani, ni kuma wuni nake a ɗaki marar taga ina gyara manhaja, don ɗigon haske ya fito a allon kwamfuta daidai lokacin da ƙara ta shiga kunne. In ɗaya ya riga ɗaya ko da ƙiftawar ido ne, uwar ɗakina ta ce a sake. Ta cika takura, amma tsakani da Allah tana da gaskiya.

Yanzu bakin Mama sai ya gama faɗa muryar tana can hanya, kaina ya hau juyawa. Faɗa ɗaya sau biyu nake shan sa: in gani, sannan in ji.

Ka ba ta haƙuri. Ta riƙa kira da murya kawai, ta yi faɗan da ranta ke so. Na rantse idona a buɗe zai kasance har ta gama.

Allah ya ƙara mata lafiya.

Ƙaninka