Na Kwashe Ƙanƙarar Zoɓonki

Yaya Safara'u,

Albishirinki! Sinadarin enzayim ɗin nan na bincikena da na ishe ki da zancensa ya iso. Irin wanda jikin mutum ke haɗa furotin da shi ne, amma a ɗakin bincike aka samar da wannan.

Direba ya kira ni da sassafe daga bakin gada, wai ƙanƙarar da aka haɗo shi da ita tana narkewa. Kina barci, sai na kwashe taki kaf, har da jar kular, na wuce makaranta.

Don Allah ki yafe min, na san yau kasuwa ke ci. Zoɓo ko ya yi ɗumi ana sha. Wannan kuwa in ya yi ɗumi, digirina ne ya narke.

Kausar