Zaren Cikin Jakar Ranulf

Daga Hamon na ƙauyen Ashkum, zuwa ga ƙanwata Idoni, mai masaukin baƙi a bakin ruwan Dartmut.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da mutanen gidanki. Ki yi haƙuri da rubutun.

Idoni, jakar Ranulf ta dawo, ɗana bai dawo ba.

Wani matuƙin jirgi ne ya kawo ta, baƙon ƙasa, ba ya jin harshenmu. Kalma biyu kawai ya iya. Ya tsaya a bakin rijiya yana cewa "Ashkum", yana ɗaga jakar yana cewa "sikirip", wato jakar mai ziyarar ibada. Aldit matar Waimond mai niƙa ce ta gane ta, ta rako shi har ƙofata. Da ya miƙo mini, sai ya kwantar da kunci a tafin hannu ya rufe ido, ya yi alamar gicciye. Ko jariri ya san abin da yake nufi.

Jakarsa ce, ba shakka. Fatar barewa, da jan gicciyen da marigayiya matata Sabina ta ɗinka. Babu ɓawon kifin nan da ake maƙala wa wanda ya isa kabarin Waliyyi Yakubu. Ke nan a hanya abin ya faru.

Fada Jilbat, limamin cocinmu, ya ce a binne jakar a madadin gawa. Na ce ya dakata. Tana rataye a ƙusa, bakinta a buɗe kamar yadda ake barin ta, ni kuwa ko gefenta ba na iya bi. Mijin Aldit ma tare suka tafi, amma ita ce ke kawo mini faten wake kullum, tana cewa, "Baba, ci mana. In Waimond ya dawo zai ba mu labarin inda aka sa shi."

Ki tambayar mini mutanen jirgi. Ki huta lafiya.
Yayanki, Hamon

*

Yaya Hamon,

Ina gaisuwa. Magatakardan tasha ne yake rubuta mini, don haka ba zan ja zance ba.

Na tambayi duk wanda ya sauko daga jirgi, har da mashaya. Ba wanda ya ji komai. Kada ka yarda a binne fata a ce ɗanka ne. Fada Jilbat da ba ya bambance akuya da matar hakimi in ba sun yi magana ba, shi zai yanke maka hukunci?

Me ke cikin jakar? Ba ka faɗa ba, kuma na san ka, ba ka duba ba. Kai da ka yi karatu wurin sufaye har kana gyara wa Fada Latin, jaka ce ta kore ka lungu? Zura hannu. Kuma ka ci abin da yarinyar nan take kawowa.

Allah ya tsare.
Ƙanwarki, Idoni

*

Zuwa ga ƙanwata Idoni, gaisuwa da godiya.

Na bi maganarki, kuma da ban bi ba.

Akwai busasshen burodin sha'ir, da cokalin itace, da zare a naɗe. Kin san zaren. Kafin su tashi, Ranulf ya kwantar da ni a ƙasa ya auna ni daga tsakar ka zuwa diddige, don ya kai wa Waliyyi a yi lagwanin kyandir daidai tsawona, ko ciwon ƙirjin nan ya sake ni. Yana aunawa yana dariya: "Baba, miƙe ƙafa, kada ka cuci Waliyyi."

Na warware shi, na taka bakinsa da diddige, na ja sama. Idoni, a ƙugu ya tsaya. Na sake gwadawa. A ƙugu.

Ba yanka shi aka yi ba, ƙullin bakinsa biyu suna nan. Raguwa ya yi. Na karanta abubuwa da yawa a ƙuruciyata, ban taɓa cin karo da wannan ba, amma fassararsa ba ta da wuya. Saboda ni yaron ya kama hanya. An karɓe shi, an maido mini da awona, an nuna mini abin da ya rage. Ba mutuwar nake tsoro ba kamar in tarar da Sabina ta tambaye ni ina ɗanta.

Na ce wa Fada ya sa ranar binnewa. Ki yi mini addu'a.
Hamon

*

Yaya,

Gaisuwa a tsaye. Hana Fada! Zare ba ya raguwa, sai dai hankalin tsoho.

Da aka karanta mini takardarka sai da na zubar da tulun giya. Ranar da suka kwana a nan kafin su hau jirgi, na ga jakar da Sabina ta ɗinka a wuyan Waimond. Na ce, "Kai mai niƙa, satar gari ba ta ishe ka ba, har da jaka?" Ranulf ya ce, "Gwaggo, aikin Fada ne. An jera jakunkuna a kan bagaden coci, ya sa albarka, ya rataya mini ta Waimond, ya rataya masa tawa." Na ce su musanya mana. Waimond ya ce, "Abin da aka rataya da addu'a? Ni ba zan cire ba sai na dawo." Sai suka juye kayan ciki kawai, kowa ya ɗauki nasa. Wallahi na manta sarai, sai yanzu.

Waimond bai ce mini yana da 'yar da ba ta da lafiya ba? Nawa tsawonta?

Ka rubuto da sauri.
Idoni

*

Idoni, gaisuwa.

Sunanta Sisili. Jiya ta rako uwarta, ta jingina da ni tana tari. Kanta a ƙuguna ya tsaya.

Ban san ko Ranulf yana da rai ba. Amma awona yana wuyansa, kuma bai dawo ba. Na durƙusa in gode wa Allah, na kasa, don na san a kan mutuwar wa nake godiyar.

Na hana Fada. Na sauke jakar daga ƙusa na ɗora a kan tebur, da zaren a kai. Ga Aldit can ta fito daga gidan niƙa da kwano a hannu, ta rufe shi da gefen mayafinta kada ya huce.

Ki zo, in kina iyawa.
Hamon