Harsashin da Ya Kauce wa Dorina

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya zafin maƙera? Ya ƙafar Inna Masitan?

Abin da ka ji gaskiya ne. Siyaka mijina ya tare dorinar da ke cinye shinkafar mutane a Samandeni. Kusa ƙwarai, ko tabarya na jefa sai na same ta. Ya harba, harsashin ya kauce, ta karya masa cinya. Maharba sun zo dubiya suna zolaya: "Siyaka, in kogin ka nufa, ai ka same shi!" Ya yi dariya, amma tuwo ya ƙi shiga. Ya ce shi bai taɓa jin dalma ta yi irin wannan kuka a iska ba.

Na mirgina ragowar harsasan a faranti, kowanne gefe guda yake kwantawa. Na tsaga guda biyu daga cikinsu. Kogo ne a cikin kowanne, a wuri ɗaya. A gabanka na tashi, na san kumfar da ke shiga zubi bisa kuskure ba ta zaɓen wuri. Cemoko nake zargi, wanda suke takarar shugabancin maharba shi da Siyaka.

'Yarka,
Jeneba

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa, da fatan gida lafiya. Ba ka amsa mini ba.

Cemoko ya rantse bai taɓa jakar harsasan ba, ban yarda ba sai da na tambayi Siyaka wa ya yi masa zubin. Ya ce, "Wa kuwa in ba surukina ba? Kyauta ma ya aiko." Da alfahari ya faɗa, Baba.

Na san dorina 'yar'uwar gidanmu ce, ba ma kashe ta, ba ma cin namanta. Amma da ka ƙi zubin kawai, wa zai ga laifinka? Ban faɗa wa kowa ba. Ko mijina nake wa ɗumame, kaina a ƙasa yake. Mai ɗori ya ce zai tashi, amma da ɗingishi.

Maharba za su sake fita ranar kasuwa, kuma wurinka za su aiko neman dalma. Wanda zai riƙe bindigar Siyaka ɗana ne, Zumana, jikanka.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Jeneba