Fankar Rifkatu

Laraba da dare, Angwan Iya

Yau Rifkatu ta turo kuɗin wutar da nake bin ta. Tun da muka kama ɗakin nan tare muka yi sharaɗi: wadda ta kasa biyan kasonta, a riƙe mata wani abu har ta biya. Da aka mayar da ita aiki Panda, fankarta na riƙe. Wallahi ba don kuɗin ba ne. So nake ta zo da ƙafarta, mu kwana muna hira kamar da.

Ta kira ta ce, "Hadiza, kuɗin sun shigo? Ki ba direba fankar gobe."

Na ce to. Allah wadaran turin kuɗi ta waya! Na goge fankar na sa a kwali. Yanzu ɗakin ko ƙararta babu.